3.2 Murhu a Matsayin Shaidar Ƙaura da Zaman Mutanen Niyandatal

Kamar yadda aka yi bayani a baya, mutanen Niyandatal ba su bar rubutu ba. Saboda haka masana ilimin kufai sukan dogara ga abubuwan da suka rage a mazauninsu, musamman murhu, domin a gefensa ake cin abinci, a sassaƙa makaman dutse, a kuma kwana. Tambayar da wannan sashe zai duba ita ce: shin yawan murhuna a wuri ɗaya yana nuna doguwar zama ce, ko kuwa yawan dawowa?

A kufan Abric Romaní da ke yankin Kataloniya a ƙasar Sifen, wanda aka gano a shekarar 1909, an tono wasu ƙananan murhuna jere kusa da bangon dutse, tsakaninsu tazarar da ta ɗan wuce mita 1. Masana sun fassara wannan da cewa wurin kwana ne na ƙaramar ƙungiya.

Sai dai kufan El Salt da ke kusa da garin Alcoy ya nuna haɗarin gaggawar yanke hukunci. A shekarar 2024 aka wallafa sakamakon nazarin murhuna 6 na shimfiɗar ƙasa guda, masu kimanin shekara 52,000. Hanyar da aka bi ita ce: idan wuta ta gasa ƙasa, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinta sukan riƙe alƙiblar maganaɗisun duniya ta wannan lokaci. Tun da alƙiblar tana sauyawa sannu a hankali, bambancin da ke tsakanin murhu da murhu yakan nuna tazarar shekarun da ta raba su. An gano cewa aƙalla shekara 200 zuwa 240 ne tsakanin murhun farko da na ƙarshe, kuma wasu tsakaninsu shekaru gommai ne.

Wannan ya nuna cewa wanda ya hura wutar farko bai ga ta ƙarshe ba. Ke nan zama ne na ɗan lokaci, a tashi, sannan 'ya'ya ko jikoki su sake dawowa. Bisa ga haka, kuskure ne a ƙidaya murhunan shimfiɗa guda a ce su ne ma'aunin yawan jama'ar da ta zauna tare. Sashe na gaba zai dubi abin da ƙasusuwan dabbobi suka nuna game da lokutan wannan ƙaura.