Ƙasar Gwarzo da Kabo: Jiya da Yau

Wanda ya fita birnin Kano ya fuskanci yamma, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 70, sai ya iske Gwarzo, gab da iyakar Kano da Katsina. Kabo kuwa tana tsakaninta da birni. A cikin garuruwan Gwarzo akwai Getso da Kutama da Lakwaya da Mainika. A cikin na Kabo akwai Garo da Godiya da Gammo da Masanawa da Durun. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai jigawa da fadamu, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo sun watsu cikin gonaki. Damina takan sauka wajen watan Mayu, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A waɗannan watanni biyar manomi ke neman abincin shekara guda.

A zamanin da, abin da ya fi damun mutanen wannan ƙasa shi ne yaƙi, gama suna zaune bisa hanyar mayaƙa. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara gaba tsakanin Kano da Katsina, aka kuwa daɗe ana yi. A zamanin Muhammadu Nazaki aka gwabza da Katsinawa a wajen Karaye, maƙwabciyar Gwarzo ta kudu. Sarki Kutumbi ma yaƙin Katsina ne ajalinsa a 1648. Sai da Shekarau ya hau, malamai suka shiga tsakani, sa'an nan aka yi sulhu.

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira a 1804, malaman Kano da suka bi shi suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Saboda haka Gammo da Kabo da Masanawa da Godiya suna cikin garuruwan da yaƙin jihadi ya fara taɓawa. Ɗan Tama na Godiya ya yi tsayin daka kafin a ci garinsa. Ba a gama ba sai 1807, da aka kashe Sarki Alwali a Burumburum. A duk waɗannan zamunna mutane sukan taru cikin ganuwa, su noma abin da ke kusa, su bar na nesa ya zama daji. Ƙasa tana da yawa, mutane ne kaɗan.

Turawa suka ci Kano a 1903. Bayan 'yan shekaru aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka sa hakimai su fita birni su zauna cikin talakawansu. Gwarzo ta zama mazaunin hakimi, Sarkin Dawaki Mai Tuta kuwa, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, ya daɗe yana riƙe da ita. Da hari ya ƙare, mutane suka fita ganuwa, suka sare daji, suka kafa unguwanni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Manomi ya riƙa raba gonarsa biyu: dawa da gero don ciki, gyaɗa da auduga don haraji da tufafi da aure. Amma ba a daɗe ba aka ga iyakar dogara ga damina kaɗai, don ruwa ya ƙi a 1913, yunwa mai tsanani ta biyo baya a 1914.

Shekara sittin bayan wannan abin ya sake dawowa. Aka yi fari daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya fara aikin tare ruwa, aka gina madatsar Bagauda da ta Tiga. Aikin ya ci gaba har ya kai yamma: aka yi Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, aka yi Pada da Marashi a ƙasar Gwarzo, aka gama babbar madatsar Challawa ta Karaye a 1992. A 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

To, ga yadda lissafi ya tsaya. A ƙidayar 2006 an sami mutum 183,987 a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, faɗinta kuwa murabba'in kilomita 393. An sami 153,828 a Kabo, faɗinta 341. Watau kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum fiye da 450, tun daga sa'an nan kuwa sai ƙaruwa ake yi. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, in an raba gado sau biyu, sai ta zama 'yan kunyoyi a hannun jikoki. Ba sauran saura da za a bari ta huta, sai taki. Makiyaya suna kukan burtali ya ƙuntata. Da an gama girbi samari sai su kama hanyar cin rani, waɗansu Kano, waɗansu Kaduna da Abuja da Ikko.

Mai karatu kada ya ce ba a taɓa ganin irin wannan cunkoso ba. Alhazai sun san Jawawa, waɗanda suke haɗuwa da su a Makka. Tsibirinsu na Jawa yana cikin ƙasar Indunusiya, can kudu maso gabashin Asiya. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 130,000 ne, amma a ƙidayar 2020 an sami mutum fiye da miliyan 150 a cikinsa, watau fiye da 1,100 a kowane murabba'in kilomita, ninki biyu na Gwarzo har da ɗori. Abin da ya riƙe su shi ne ruwa. Suna da duwatsu masu aman wuta, tokarsu tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ruwan sama kuma ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Amma ba su bar shi ya gudu teku a banza ba. Sun yanka gefen duwatsu hawa hawa, sun ja magudanai daga gona zuwa gona, suna girbin shinkafa sau biyu a shekara, wani wuri har sau uku. Duk da haka ƙasa ta yi musu kaɗan, har Turawan Holan da suka mallake su suka fara kwasar mutane zuwa tsibirin Sumatra a 1905.

Gwarzo da Kabo ba su da ruwan Jawa, ba su kuma da wani tsibiri da za a kai mutane. Abin da ke hannunsu shi ne fadamu da madatsun da aka riga aka gina. Inda ruwansu ya kai, manomi yakan girbe dawa da kaka, ya shuka tumatir da albasa da alkama da rani, ya zauna gida da iyalinsa. Inda bai kai ba, gona takan kwana wata bakwai ba ta ba da ko zangarniya guda. Madatsa kuwa tamkar rijiya take, in ba a yashe ta, ba a gyara magudananta, yashi ne zai gaje ta.

Kakanni sun gina ganuwa don a zamaninsu mayaƙa ne abin tsoro, suka kuwa fita gayya kowace shekara suna yi mata yaɓe. Abin tsoron jikokinsu shi ne ƙarancin gona da tsawon rani, ganuwarsu kuma ita ce ruwan da aka tare. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah shi ba da damina mai albarka, shi ba shugabanni da talakawa ikon riƙon abin da aka bar musu, amin.