Rawani da Lulluɓi a Ƙasar Zamfara

Rawani da lulluɓi su ne tsofaffin alamomin shigar Musulmi a ƙasar Zamfara, tun kafin zuwan jallabiya da abaya. Tarihinsu na haɗe da zaman Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a yankin daga wajejen 1786. Faru, ta ƙaramar hukumar Maradun a yau, na cikin garuruwan da ya zauna.

A wancan zamani naɗa rawani shaida ce ta shiga Jama'ar Shehu. Shi ya sa da ya gana da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami wajen 1788, cikin buƙatu biyar da ya gabatar har da girmama duk mai rawani. Bayan 'yan shekaru Sarkin Gobir Nafata ya hana maza rawani, ya hana mata lulluɓi, domin a ƙyallen nan ne ake ganin yawan mabiyan Shehu a kasuwa da masallaci. Hanin na cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804.

Abin da ake kira kayan Larabawa bai shigo lokaci guda ba. Alkyabba da jabba fataken Sahara ne suka kawo su daga Arewacin Afirka, suka zama kayan sarauta da malanta. Jallabiya da abaya kuwa tsarabar alhazai ce, sun yawaita da aikin hajji ta jirgin sama a shekarun 1970. Ɗinkakken hijabi ya bazu ta makarantun Islamiyya, musamman bayan kafa Izala a Jos a 1978, ya ƙara samun gindin zama da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999.

Sabon lamari a sha'anin sutura shi ne sauya tufafi a hoto. Da manhajar waya ana iya cire wa mace mayafi, ko a sanya mata shigar da ba ta taɓa yi ba, a watsa a WhatsApp ko Facebook. A fikihu wannan ƙage ne da cin mutunci. Ɓarnarsa ta fi tsanani a ƙaramin gari, inda kowa ya san gidan kowa, kuma hoto ɗaya kan isa a fasa baiko kafin a gano na bogi ne.