Daga FUTY zuwa MAU: tarihin jami'ar da ke ƙofar gidanmu

Duk shekara in JAMB ta buɗe rajista, sai ka ji ƙannenmu a Jimeta da Yola suna cewa, "Ni fa ABU ko BUK, in ba haka ba gara in sake rubutawa." Wani sai ya share shekara uku a gida yana jiran Zariya. To 'yan uwa, bari mu ɗan waiwayi tarihi.

Kafin 1981 babu jami'a ko ɗaya a tsohuwar Jihar Gongola. Ɗan Yola mai son digiri sai dai ya nufi ABU da aka buɗe a 1962, ko Maiduguri da ta samu tata a 1975. A gida kuwa, kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke Jimeta, wato FCE ta yau, ita aka fi sani.

Gwamnatin Shagari ce ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola a 1981. Shekara uku kacal, a 1984, sojoji suka mayar da ita reshen Jami'ar Maiduguri. Sai a 1988, zamanin Babangida, ta sake tsayawa da ƙafarta a matsayin FUTY. A 2011 ta koma MAUTECH, aka sa mata sunan Modibbo Adama. A 2021 kuma aka cire mata takunkumin "fasaha", ta zama MAU, har da karatun likitanci, daga baya tsohuwar FMC Yola ta zama asibitin koyarwarta. Kwas ɗin da iyayenmu suka bar gida dominsa, yau yana nan Girei.

Ga kuma AUN ta Atiku Abubakar, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005 da tsarin karatu irin na Amurka, ga mai hali ko wanda ya dace da tallafi. Ga jami'ar jiha a Mubi tun 2002.

Kada a ce ina hana fita neman ilimi. Shi kansa Modibbo Adama sai da ya je Barno ya yi karatu, kafin ya karɓo tuta wurin Shehu Ɗanfodiyo, daga baya ya kafa Yola a 1841. Amma malamai ya bi, domin a can suke a lokacin.

Saboda haka kafin ka cike fom, tambayi kanka: NUC ta amince da kwas ɗin a can? Makinka ya kai? Gida za su iya ɗaukar kuɗin mota, haya da abinci har ka gama? Ka kuma tuna, jami'o'in tarayya na ware kaso 35 cikin ɗari na guraben karatu ga jihohin yankinsu, kai kuwa a MAU ɗan gida ne.

In Zariya ta kira ka, bismillah, Allah ya raka taki gona. In ba ta kira ba, shekarun da ka zauna ba mai maido maka da su.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.