Tafintan share fage: yadda manhaja ta koyi magana da rumbun bayanai

1/ Daga Rijiyar Lemo ka gangaro Fagge, ka ratsa Kantin Kwari, ka faɗa Sabon Gari, da wuya ka yi tafiyar minti biyu ba ka ga laimar mai POS ba. Duk sanda aka soka kati, akwai tambayar da ke tafiya can cikin kwamfutar banki: nawa ne a asusun nan? Zaren yau tarihin wannan tambayar ne. Ku biyo ni. 🧵

2/ Bayanan asusu suna zaune ne a rumbun bayanai, kuma akasarin rumbunan nan yare ɗaya suke ji, SQL. Ita kuwa manhajar da ke karɓar buƙatarka da wani yare daban aka rubuta ta: COBOL, C, Java da sauransu. Yare biyu, aiki ɗaya. To wa ke haɗa su? Nan labarin yake.

3/ Mu koma baya. Kafin 1970, mai rubuta manhaja sai ya san ainihin yadda aka jera bayanai a cikin na'ura. Kamar ka aiki yaro Kwari, sai ka faɗa masa ƙofar da zai shiga, layin da zai bi, da kwanar da zai sha. Ranar da aka canza wa mai shago wuri, aike ya lalace.

4/ A 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Edgar F. Codd, da ke aiki a ɗakin binciken IBM na San Jose a Amurka, ya fitar da maƙala. Ya ce a zuba bayanai cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, mutum ya faɗi abin da yake so kawai. “Shadda fara, yadi biyar.” Neman hanya aikin na'ura ne.

5/ A 1974 wasu ma'aikatan IBM biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka tsara yaren da za a riƙa yin wannan tambaya, suka sa masa suna SEQUEL. Boyce ya rasu a shekarar yana matashi, bai ga inda abin ya kai ba. Daga baya aka taƙaita sunan ya koma SQL, don wani kamfanin jiragen sama na Ingila, Hawker Siddeley, ya riga ya yi rajistar sunan farkon.

6/ IBM ta gina wani rumbu na gwaji mai suna System R don a ga ko tunanin Codd zai yi aiki a zahiri. Matsala ta taso nan take. Manyan kamfanoni ba mutum ne ke zama yana buga tambaya ɗaya-ɗaya ba. Manhajojin COBOL da PL/I ne ke aikin, sau dubbai a rana. Dole SQL ya shiga cikinsu.

7/ Kowane irin wannan yare yana da tafintansa, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan adam zuwa yaren na'ura. Amma tafintan COBOL bai san SQL ba ko kaɗan. Da ya ci karo da SELECT sai ya tsaya, ya ce wannan ba yarena ba ne.

8/ Dabarar da suka fito da ita: a saka wani ƙaramin tafinta a gaba, ya share fage. Shi ne Turawa ke kira precompiler. Yana karanta rubutun tun daga sama, duk inda ya ga SQL ya tsame shi, ya maye gurbin da umarnin da babban tafinta ke ganewa. Sauran rubutun ba ruwansa da shi.

9/ Ta yaya yake gane nasa? Da alama. A System R alamar dala ake sawa a gaban jimlar. Daga baya aka daidaita a kan kalmomi biyu, EXEC SQL. Ga misali, da sunayen Hausa don a gane:

EXEC SQL SELECT kudi INTO :saura
FROM asusu WHERE lamba = :lambar_asusu;

10/ Ku lura da ɗigo biyun nan da ke gaban saura da lambar_asusu. Suna nufin “wannan mazubi ne na manhaja”. Lambar da mai asusu ya bayar a ɗaya mazubin za a zuba ta, amsar da rumbu ya dawo da ita a ɗayan. Ku riƙe maganar mazubi da kyau, don ita ce zuciyar zaren nan.

11/ Idan amsa ta fi layi ɗaya fa, kamar jerin shige da ficen kuɗi na wata guda? COBOL da C layi ɗaya-ɗaya suka saba ɗauka. Sai aka ƙirƙiro manuni: ka buɗe shi da OPEN, ka riƙa ɗebo layi da FETCH har su ƙare, ka rufe da CLOSE. Kamar mai awo da mudu, ba a juye buhu lokaci guda.

12/ Bayan kowace tambaya rumbu yana barin saƙo a wata lamba, SQLCODE. Sifili: komai lafiya. 100: ba a sami layin ba, ko sun ƙare. Lamba mai alamar ragi a gaba: an sami matsala. Tsofaffin masu COBOL ko cikin barci ka tashe su sun san wannan.

13/ Wani ɗan tawagar System R, Raymond Lorie, ya nuna cewa za a iya juya jimlar SQL ta koma yaren na'ura tun kafin a fara amfani da manhajar. Patricia Selinger da abokan aikinta kuma suka fitar da maƙalar 1979 kan yadda rumbu zai auna hanyoyi ya zaɓi mafi sauƙi. Haɗa biyun: a zaɓi hanya sau ɗaya, a ajiye, a yi ta bi.

14/ Wannan ya amsa babban ƙorafin da ake wa tsarin Codd, cewa yana da kyau a takarda amma zai yi nauyi. A 1977 aka girka System R don gwaji a kamfanin Pratt & Whitney, masu ƙera injin jirgin sama. Abin ya yi aiki.

15/ Sai dai IBM ta yi jinkirin kai shi kasuwa. Wani ƙaramin kamfani na su Larry Ellison ya karanta maƙalun IBM, ya riga ta, ya fitar da Oracle a 1979. IBM ta biyo baya da SQL/DS a 1981, sai DB2 a 1983. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, amma nan na bayan ma ya ci kasuwarsa sosai a manyan bankuna.

16/ Kowa ya fito da tafintan share fagensa. Oracle na da Pro*C da Pro*COBOL. Informix na da ESQL/C. PostgreSQL, da ake samu kyauta, na da ECPG har yau. A 1986 hukumar ANSI ta Amurka ta fitar da ma'aunin SQL na farko, ISO ta karɓa a 1987, a 1989 aka fitar da na saka SQL cikin COBOL, Fortran, Pascal, PL/I, C da Ada.

17/ A DB2 akwai ƙarin mataki mai suna BIND. Jimlolin da tafinta ya tsame ana kai su gaban rumbu tukuna. Ya duba: jadawalin nan akwai shi? Ginshiƙin nan haka sunansa yake? Mai wannan aiki yana da izini? In akwai kuskure, a teburin mai rubutu zai fito, tun kafin ya taɓa kuɗin kowa.

18/ To in abin yana da kyau haka, me ya sa yawancin matasan da ke koyon rubuta manhaja yau ba su taɓa ganin EXEC SQL ba? Yana da wahalhalunsa. Aiki ya zama mataki biyu. In an sami kuskure, sau da yawa a rubutun da tafinta ya haifar yake nunawa, wanda ba kai ka rubuta ba. Kuma ka ɗaure kanka da rumbun kamfani ɗaya.

19/ A 1992 Microsoft ta fitar da ODBC, a 1997 Java ta sami JDBC. Tsarinsu daban ne: babu mai share fage. Manhaja tana riƙe jimlar SQL a matsayin rubutu zalla, ta miƙa wa rumbu a lokacin da take aiki. Manhaja ɗaya za ta iya magana da rumbuna iri-iri. Sauƙi ya samu.

20/ Sai ga intanet. PHP da MySQL duk a 1995 suka fito, kuma da su aka gina shafuka ba adadi. Hanya mafi sauri ga mai koyo ita ce ya ɗauko abin da baƙo ya rubuta a akwatin shafi, ya manna shi kai tsaye cikin jimlar SQL, ya tura. Babu mazubi. Umarni da bayani sun cakuɗe a kwano ɗaya.

21/ Ga inda gizo ke saƙar. A ce akwatin na neman suna. Wani ya rubuta wannan a ciki:

' OR '1'='1

Jimlar ta koma “kawo layin da sunansa kaza, KO kuma inda ɗaya daidai yake da ɗaya”. Ɗaya kuwa kullum ɗaya ne. Rumbu sai ya buɗe duka jadawalin. Baƙo ya zama mai ba da umarni.

22/ Wannan shi ne kutsen cusa SQL. A Disambar 1998 wani mai laƙabin Rain Forest Puppy ya bayyana shi a mujallar 'yan kutse ta Phrack. Tun lokacin kowa ya san da ramin, amma aka ci gaba da faɗawa.

23/ A 2008 ta wannan ƙofa aka shiga Heartland Payment Systems, kamfanin sarrafa biyan kuɗi ta kati a Amurka. Bayanan katuna kusan miliyan 130 abin ya shafa. Jagoran gungun, Albert Gonzalez, an yanke masa shekara 20 a 2010.

24/ A 2015 aka yi wa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila irin wannan kutse, aka ɗebi bayanan mutum sama da dubu 150. Hukuma ta ci kamfanin tarar fam dubu 400. Cikin waɗanda aka kama har da yara 'yan ƙasa da shekara 18. Rami ne da ko yaro zai iya zurawa.

25/ Yanzu ku koma lamba 10. A tsohon tsarin, jimlar ta riga ta daskare tun ranar da tafinta ya bi ta kanta. Abin da baƙo ya rubuta mazubi kawai yake shiga. Ko ya rubuta OR sau ɗari, rumbu zai ɗauke shi a matsayin wani suna mai ban mamaki, ya nema, ya ce babu. SQLCODE 100, shi ke nan.

26/ A yi adalci dai: ba don tsoron 'yan kutse suka yi hakan ba, sauri suke nema. Tsaron riba ce ta biyo baya. Kuma ko a tsohon tsarin akwai hanyar haɗa jimla a lokacin aiki, irin su EXECUTE IMMEDIATE, wanda in aka yi sakaci da ita ramin na nan. Kayan aiki ba ya hana ganganci.

27/ Maganin da ake koyarwa yau shi ne shiryayyar jimla: ka tura SQL da alamar tambaya a gurbin bayani, sannan ka tura bayanin daban. PDO na PHP na yi, JDBC na yi, Python na yi. Ku duba da kyau, mazubin nan ne mai ɗigo biyu ya canza riga ya dawo.

28/ Duba jimla tun kafin aiki ma ya dawo. Wayar Android da ke hannunka tana ɗauke da ƙaramin rumbu, SQLite. Room, da Google ta fitar a 2017, yana bin jimlolin SQL yana tantance su a lokacin gina manhaja. Masu Go na da sqlc, masu Rust na da SQLx. Jikokin tafintan share fage ne duka.

29/ Tsohon ma bai mutu ba. A Afrilun 2020, da korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin jihar New Jersey yawa, gwamna Phil Murphy ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, yaren da aka tsara tun 1959.

30/ Me ya shafe mu a Kano? A Yulin 2013 CBN ta faɗaɗa tsarin rage amfani da tsabar kuɗi zuwa Kano da wasu jihohi. A 2014 aka ƙaddamar da BVN. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, kowa ya ga yadda har mai shayi da ɗan adaidaita suka koma karɓar taransifa. Rayuwarmu ta koma cikin jadawali.

31/ Kuma ba bankuna kaɗai ba. Shafin duba sakamako na makarantu, rajistar marasa lafiya a asibitocin kuɗi, manhajar lissafin shago, ta adashi, ta ƙungiyoyi: da yawansu matasanmu ne ke rubuta su. A ciki akwai sunayen mutane, lambobin waya, ranar haihuwa, wani lokaci har NIN. Amana ce. Tun Yunin 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar NDPC da ke sa ido.

32/ Don haka ɗan'uwa mai rubuta manhaja, 'yar'uwa mai koyo: buɗe aikinka na ƙarshe yau da daddare. Nemo duk inda ka manna abin da baƙo ya rubuta cikin jimlar SQL, ka mayar da shi mazubi. Ka ba manhajar izinin abin da take buƙata kawai a rumbu, kada ka ba ta makullin gida duka.

33/ Mai son ganin tsohon tsarin da idonsa, ya sauke PostgreSQL, ya rubuta ƙaramin fayil mai EXEC SQL a ciki, ya bi da shi ta ECPG, sannan ya buɗe fayil ɗin C da ya fito ya karanta. Rabin awa ya isa. Wanda ya gwada ya ajiye mana hoton abin da ya gani a ƙasa, mu duba tare. Ku tura wa masu koyo. Allah ya sa mu dace.