Tarihin Na'urorin Bin Sawun Ƙwayoyin Zarra

Na'urar bin sawun ƙwayoyi ita ce duk wata na'ura da masana fiziks ke amfani da ita don gane wucewar ƙananan ƙwayoyin da zarra ta ƙunsa, irin su ilektiron da firoton, da kuma burbushin da ke tashi idan aka fasa cibiyar zarrar. Babu idon da ya taɓa ganin waɗannan ƙwayoyi. Sawunsu kawai ake gani. Ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki, idan ta keta iska ko ruwa ko wani daskararren abu, takan yi ta fizge ilektiron daga zarrorin da ta gifta, ta bar layin ɓarna a bayanta. Gwanin bin sawu yakan dubi ƙasa ya ce raƙumi ne ya wuce, da kaya a bayansa, kuma yana ɗingishi. Haka masani ke duban wannan layi ya faɗi nauyin ƙwayar da saurinta da irin cajinta.

Zamanin ido da duhu

Da ido aka fara. A shekarar 1909, a Jami'ar Manchester ta Ingila, Hans Geiger da wani ɗalibi mai suna Ernest Marsden suna harba ƙwayoyin alfa kan fallayen ƙarfe masu sirantaka ƙwarai, ciki har da zinare, bisa umarnin Ernest Rutherford. Kayan aikinsu wani ɗan allo ne da aka shafa wa sinadarin zink salfaid, wanda ke yin ƙyalli duk lokacin da ƙwaya ta doke shi. Ƙyallin ba ya da ƙarfi, don haka sai mutum ya fara zama cikin duhu har idonsa ya saba, sannan ya ɗora ido a madubin ƙara girma ya yi ta ƙirga ɗaya bayan ɗaya, in ya gaji abokin aiki ya karɓa. Da wannan wahala suka lura cewa a cikin dubban ƙwayoyi akan samu ɗaya ta dawo baya, kamar ta ci karo da dutse. Daga nan Rutherford ya bayyana, a 1911, cewa kusan duk nauyin zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarta.

Geiger bai manta da wannan zaman duhu ba. Tun 1908 shi da Rutherford suka ƙera bututun gas mai waya ɗaya a tsakiya, wanda ke ba da siginar lantarki idan ƙwaya ta shiga, kuma a 1928, a Kiel ta Jamus, shi da Walther Müller suka kyautata shi ya zama ma'aunin da har yau ake kira da sunansa. Bututun yana da sauri, ba ya gajiya, amma iyakarsa ya ce wani abu ya wuce. Ba ya nuna hanyar da abin ya bi. Daga wannan lokaci sana'ar ta rabu gida biyu: masu ɗaukar hoto, da masu ƙirga da lantarki. Sai da aka kwashe shekara kusan sittin kafin gidajen biyu su haɗe.

Akwatin gajimare

Mafarin gidan hoto yana kan dutsen Ben Nevis a Sikotlan. A 1894 C. T. R. Wilson ya yi 'yan makonni a tashar nazarin yanayi da ke ƙololuwar dutsen a lokacin, inda launukan da hasken rana ke zanawa a jikin gajimare suka ɗauke masa hankali. Da ya koma Cambridge sai ya duƙufa kan yin gajimare a cikin gilashi. Dabarar ita ce a rufe iska mai danshi a akwati, a buɗa mata wuri farat ɗaya ta yi sanyi, tururin da ke cikinta ya shiga neman abin da zai maƙale wa ya zama raɓa. Wilson ya gano cewa zarrorin da aka fizge wa ilektiron suna jan wannan raɓa. A 1911 ya ɗauki hoton farko na sawun ƙwaya: siririn zaren ɗigon ruwa rataye a iska. Ya samu lambar yabo ta Nobel a 1927.

Aikin na masu haƙuri ne. Patrick Blackett ya ɗauki hotuna kimanin 23,000 masu ɗauke da sawu fiye da 400,000, a cikinsu takwas kacal suka nuna cibiyar naitirojin ta haɗiye ƙwayar alfa ta rikiɗa ta zama oksijin. Amma hoton da ya fi kowane shahara shi ne wanda Carl Anderson ya ɗauka a Kalifoniya ranar 2 ga Agusta, 1932. Ya sa akwatinsa a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, domin maganaɗisu yana lanƙwasa hanyar ƙwaya mai caji, wata dama wata hagu gwargwadon cajinta. Matsalar ita ce, hoto ba ya faɗin ko ƙwayar daga sama ta sauko ko daga ƙasa ta hau. Anderson ya gitta farantin dalma mai kaurin milimita 6 a tsakiyar akwatin. Duk ƙwayar da ta ratsa dalma za ta rage gudu, mai ƙarancin gudu kuwa ta fi lanƙwasa. Sawun ya fi lanƙwasa a saman farantin, wato daga ƙasa ta taso, kuma ta karkata ɓangaren da ilektiron ba ya bi. Nauyinta na ilektiron ne, cajinta kishiyar nasa. Guntun dalma guda ya tabbatar da samuwar fozitiron.

Akwai sunan da bai kamata a tsallake ba. Marietta Blau ta Biyana, babban birnin Ostiriya, ita ta nuna cewa fim ɗin hoto mai kauri zai iya riƙe sawun ƙwaya a cikinsa. A 1937 ita da Hertha Wambacher suka ajiye faranti a kan dutsen Hafelekar, suka ga alamu masu kama da tauraro inda ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya suka tarwatsa cibiyoyin zarra. A 1938 ta bar ƙasar saboda 'yan Nazi, don Bayahudiya ce. Da irin wannan dabara Cecil Powell na Bristol da abokan aikinsa suka gano ƙwayar fayon a 1947, ya karɓi Nobel a 1950. An gabatar da sunan Blau, ba a ba ta ba, kuma wannan rashin adalci ne.

Kumfa da miliyoyin hotuna

Da aka fara gina injinan da ke ba ƙwayoyi gudu mai tsanani, iska ta yi musu sakayau, suna ratsa ta ba tare da sun yi karo da komai ba. A 1952 Donald Glaser na Jami'ar Michigan ya juya dabarar Wilson: maimakon raɓa a cikin iska, kumfa a cikin ruwa. Ana danne wani ruwa da ya kusa tafasa, sai a sassauta dannewar na ɗan ƙiftawar ido, ƙananan kumfa su fito a kan layin da ƙwaya ta bi. Luis Alvarez a Berkeley ya mai da abin babbar masana'anta, da tukunyar ruwan haidirojin mai tsawon inci 72 wadda ta fara aiki a 1959. A cibiyar CERN da ke kusa da Janiba, tukunyar Gargamelle ta ba da babban sakamako a 1973, wata kuma mai suna BEBC ta ɗauki hotuna miliyan 6.3 kafin a rufe ta a 1984.

Kowane hoto sai mutum ya duba shi. Ɗakuna guda aka cika da ma'aikata, akasarinsu mata, suna zaune gaban tebura ana hasko musu fim, suna neman inda sawu ya rabu biyu ko ya ɓace. Sunayensu ba sa fitowa a rahotannin bincike, alhali idanunsu ne suka tsinto abin da aka yi ta murna a kansa.

Wayoyin Charpak da injinan taho-mu-gama

Georges Charpak, haifaffen Folan da ya tashi a Faransa, wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi na Dachau, shi ya kawo ƙarshen wannan zamani. A 1968, a CERN, ya jera wayoyi da yawa da ba su kai silin gashi kauri ba, tazarar milimita biyu tsakaninsu, a cikin akwatin gas, kowace da nata na'urar ƙara sigina. Kowace waya ta zama kamar bututun Geiger mai zaman kansa. Wadda ta amsa ita ce ƙwayar ta gifta kusa da ita, kuma idan aka ɗora jeri bisa jeri a gicciye, kwamfuta za ta zana hanyar da kanta. Saurin ɗaukar bayani ya ninka kusan sau dubu. Nan ne hoto da ƙirga suka zama abu ɗaya. Nobel ɗinsa ta zo a 1992.

Abin ya zo a kan gaɓa, domin salon gwaji yana canjawa. Idan mota ta daki wadda ke tsaye, ƙarfin da yawa yana tafiya ne wajen tura su gaba. Idan kuwa taho-mu-gama aka yi, duk ƙarfin a wurin yake fashewa. Kan wannan hujja aka gina ɗan injin AdA a Frascati ta Italiya a 1961, sannan ISR a CERN a 1971. Sai dai a irin wannan karo burbushi ta ko'ina yake watsuwa, kuma ba a iya cusa tukunyar kumfa a tsakiyar bututun. Dole na'ura ta kewaye wurin karon kamar ganga. Na'urar Mark I ta Stanford ce ta kafa wannan siffa, kuma da ita ayarin Burton Richter ya ga sabuwar ƙwaya a Nuwamba 1974, daidai lokacin da ayarin Samuel Ting ya gan ta a cibiyar Brookhaven. Na'urorin UA1 da UA2 suka biyo baya a CERN, suka gano ƙwayoyin W da Z a 1983.

Na'urar zamani ɓawo-ɓawo take kamar albasa. Can ciki akwai fallayen silikon, dabarar da ta kankama bayan aikin Josef Kemmer a 1980, masu auna wuri daidai da kaso ɗaya cikin ɗari na milimita. Bayansu sai sassa masu nauyi da ke tare ƙwaya su auna ƙarfinta, sannan a waje masu jiran miyuwon, ƙwayar da ke ratsa komai ta fita. CMS, ɗaya daga cikin manyan na'urori huɗu na injin LHC na CERN mai kewayen kilomita 27, tana da tsawon mita 21 da nauyin tan 14,000. Wani ɓangare na tagullar da ke jikinta daga kwanson harsasan igwa na sojan ruwan Rasha aka narko shi, guda fiye da miliyan ɗaya. Ita da takwararta ATLAS suka sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012.

Abin da ya fi wuya a nan shi ne zubarwa. Ayarin firoton suna giftar juna har sau miliyan 40 a daƙiƙa, kuma babu rumbun da zai ɗauki wannan. Matakin tacewa na farko yana yanke hukunci cikin 'yan kaso na miliyan na daƙiƙa, ya rage su zuwa kimanin 100,000, kwamfutoci su sake tacewa zuwa dubu ɗaya ko 'yan dubbai. Wanda aka zubar ya tafi har abada. Masu duba fim na da suna iya cin karo da abin da ba wanda ya zata. Na'urar tacewa kuwa abin da aka koya mata shi take nema, kuma masana suna sane da wannan haɗari.

Karon manyan cibiyoyi

Fiziks na cibiyar zarra ya kawo nasa ƙalubalen. Karon firoton biyu yakan fitar da ƙwayoyi gommai. Karon cibiyoyin zinare ko na dalma yana fitar da dubbai a lokaci guda. Ana yin sa ne don a narkar da firoton da niyutiron su saki kuwak da guluwon da ke ɗaure a cikinsu, yanayin da ake ganin halitta ta ratsa a 'yan kaso na miliyan na daƙiƙar farko. Injin RHIC na Brookhaven a jihar New York, mai kewayen kilomita 3.8, ya fara aiki a 2000 da na'urori huɗu: STAR, PHENIX, PHOBOS da BRAHMS. A 2005 suka ba da sanarwar da ta saɓa wa zato: abin da ake samu yana malala ne kamar ruwa maras kauri, alhali gas aka yi tsammani. Daga baya aka auna zafinsa, kimanin digiri tiriliyan 4.

Abin da ya sa aka iya warware wannan cunkoso shi ne ƙirƙirar David Nygren ta 1974 a Berkeley. Katafariyar ganga ce cike da gas, babu komai a cikinta sai gas ɗin. Ilektiron ɗin da ƙwayoyi suka fizge, ƙarfin lantarki ne ke koro su a hankali zuwa bakin gangar. Inda suka sauka yana ba da tsawo da faɗi, lokacin da suka ɗauka kafin su iso yana ba da zurfi, sai hoton ya fito da fuska uku. Irinta aka sa a zuciyar STAR, haka ma ALICE ta CERN, wadda ta ga karon dalma na farko a Nuwamba 2010. Gangar ALICE mita biyar ce tsawo, mita biyar faɗi, da bolt 100,000 a tsakiyarta.

A gyaran da aka yi wa ALICE tsakanin 2019 da 2021 an cire jerin wayoyi irin na Charpak daga bakin gangar, aka maye su da fallayen roba masu rufin jan ƙarfe da ƙananan huji bila adadin, ƙirƙirar Fabio Sauli ta 1997. An kuma sa sabon silikon mai ɗigon hoto biliyan 12.5 a kusa da wurin karon. Da wannan take iya karɓar karon dalma har 50,000 a daƙiƙa tana karantawa ba tsayawa, a bar wa kwamfutoci aikin rarrabewa. A Amurka kuma, a Janairu 2020 aka zaɓi Brookhaven don gina sabon injin da zai haɗa ilektiron karo da cibiyoyin zarra a cikin ramin RHIC, kuma ana kan tsara na'urar bin sawunsa mai suna ePIC.