Tarihin Rahoton Gwaji: Daga Famfon Boyle Zuwa Littafin Ɗalibi

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare ya san tsarin nan: manufa, kayan aiki, yadda aka yi, abin da aka gani, sai kammalawa. Ni dai ban taɓa jin malamin da ya tsaya ya gaya mana inda aka samo shi ba. Da na bi sawunsa sai na tarar asalinsa maganar shaida ce, irin wadda ake bayarwa a gaban alƙali.

A shekarar 1660 wani Bature mai suna Robert Boyle, wanda yake zaune a Oksfod ta ƙasar Ingila, ya buga littafi mai ɗauke da gwaje-gwaje 43 da ya yi da wani famfo mai zuƙe iska daga cikin tulun gilashi. Robert Hooke ne ya ƙera masa shi. Ya sa kyandir a ciki, wutar ta mutu. Ya sa agogo, ƙararsa ta ɓace. Ya sa tsuntsu da ɓera, suka sheƙa. To, matsalar ita ce famfon yana da tsada, mutane ƙalilan ne za su iya gani da idonsu. Yaya za a yi wanda ba ya wurin ya yarda? Sai Boyle ya shiga rubuta komai dalla-dalla, har ya kan gundiri mai karatu: yadda aka toshe bakin tulun, inda iska take yoyo, wanda ya halarta, da gwajin da ya ƙi ci gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni. A ganinsa mutumin da ya faɗi inda abu ya ƙi, shi ne za a gaskata idan ya ce abu ya yi.

Amma fa rubutun bai wadatar ba. A 1661 Christiaan Huygens ya ƙera nasa famfon a ƙasar Holan, ya ga ruwan da aka cire wa iska ya maƙale a cikin bututu ya ƙi saukowa. Mutanen Landan suka yi ta gwadawa, abu ya faskara. Sai da Huygens ya taka da ƙafarsa ya je can a 1663 sannan aka ga abin. Gani ya kori ji, ko da jin an rubuta shi da kyau.

Yadda rahoton ya faɗo hannun ɗalibai kuwa, wannan aikin ƙarni na 19 ne. Justus Liebig ya zama farfesa a Gisen ta Jamus a 1824, ya buɗe ɗakin gwaji inda ɗalibai ke aiki da hannunsu maimakon kallon malami. Wajen ƙarshen shekarun 1880 Jami'ar Harvard a Amurka ta fitar da jerin gwaje-gwaje 40 na fiziks, ta ce mai neman shiga ta wannan hanya ya kawo littafin da ya rubuta sakamakonsa. Daga nan rahoto ya koma abin ba wa maki. Mu kuma ta hannun makarantun Turawan mulki da jarrabawar WAEC, wadda aka kafa hukumarta a 1952, ya iso mana.

A nan ne abin ya juye, mai karatu. Boyle bai san amsa ba kafin ya fara. Ɗalibi kuwa ya sani sarai. An ba shi zare da ɗan ƙarfe ya lilo, kuma littafi ya riga ya gaya masa 9.8 ake nema. In lissafinsa ya ba shi 10.6, me kake zato zai yi? Na sha ganin littattafan aji guda da lambobinsu suka zo iri ɗaya kamar an buga da hatimi, a makarantar da agogon awo biyu ne kacal. Ba na ganin laifin yaran sosai, tunda wanda ya rubuta gaskiya shi ake rage wa maki.

Su ma manyan ba su tsira ba. A 1963 Peter Medawar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1960, ya yi jawabi a rediyon BBC yana tambaya ko takardar kimiyya yaudara ce. Ba ƙaryar lambobi yake nufi ba. Cewa ya yi tsarin rubutun yana ɓoye yadda tunani ya gudana, ya nuna kamar mai bincike ya shiga ɗaki ba shi da zato ko ɗaya, alhali da hasashensa ya fara. Layin "tushen kuskure" da ɗalibai ke cikewa da haddar "an kashe fanka, an rufe taga" shi ne ɗan abin da ya rage daga dogon bayanin Boyle kan yoyon famfonsa.