Cape May: Garin da Ya Kusa Rushe Dukiyarsa da Hannunsa

Daga 6 zuwa 8 ga Maris na 1962, wata guguwa ta tsaya cak a gaɓar gabashin Amurka, ta ƙi wucewa. Sau biyar teku yana cika yana tumbatsa tana nan, kuma kafin ta lafa mutum 40 sun rasa rayukansu a jihohin da ta shafa. A Cape May, wani ɗan ƙaramin gari da ke can ƙarshen kudancin jihar New Jersey, inda ruwan Delaware ke haɗuwa da Tekun Atlantika, igiyar ruwa ta kwashe dandamalin katako da baƙi ke yawo a kansa, ta lalata babban zauren taron garin, ta cika tituna da yashi. Da gari ya waye, aiki ya faɗo kan magajin gari da 'yan majalisarsa: su yanke shawarar irin garin da za a sake ginawa. Shawarar da suka yanke, da rigimar da ta biyo baya ta tsawon shekara goma sha huɗu, ita ce ta haifi Cape May ta yau.

Guguwar ta samu garin ne yana da rauni, kuma raunin nan tsoho ne. A ƙarni na 19 Cape May na cikin wuraren shan iska mafi suna a Amurka. Attajiran Filadelfiya da na jihohin kudu kan zo ta jirgin ruwa su shafe lokacin zafi, shugabannin ƙasa irin su Franklin Pierce da James Buchanan da Ulysses Grant sun sauka a can, Benjamin Harrison ma ya mai da otal ɗin Congress Hall ofishinsa a bazarar 1891. A Nuwamban 1878 gobara ta cinye tsakiyar garin. Aka sake gini cikin hanzari, amma ba manyan otal irin na da ba, sai gidajen katako masu baranda da sassaƙa da hasumiyoyi, irin fasalin da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila. A daidai lokacin kuma Atlantic City, wadda jirgin ƙasa ya haɗa da Filadelfiya tun 1854, ta riga ta janye jama'a da kuɗi. Cape May ta koma gefe, kuma da yake babu mai kuɗin rushewa ya sake gini, gidajen katakon nan suka ci gaba da tsayuwa. Talauci ne ya adana su, ba hikimar kowa ba.

Yunƙurin farko na farfaɗo da garin shi ne ya jawo masa masifar da har yau yake biyan kuɗinta. A farkon ƙarni na 20 wasu 'yan kasuwa daga Pittsburgh, da Peter Shields a gaba, suka ƙuduri aniyar gina sabon gari a gabashin tsohon. Suka yashe fadama aka samu tashar jiragen ruwa, suka cike fili da ƙasar da aka haƙo, suka gina katafaren otal da aka buɗe a 1908. Don kada yashi ya toshe bakin tashar, rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta shimfiɗa katangun duwatsu biyu da suka kutsa cikin teku, kowace ta fi kilomita ɗaya, aka kammala su a 1911. Kamfanin ya karye, sabon garin bai tabbata ba, amma katangun suna nan.

Matsalar ita ce yashin bakin teku ba a zaune yake ba. A wannan yanki igiyar ruwa na tura shi sannu a hankali daga arewa zuwa kudu, kowane gari na karɓa daga maƙwabcinsa yana miƙa wa na gaba. Katangun suka tare wannan hanya. Yashi ya taru a arewa, gaɓar Wildwood ta yi ta faɗi, ta Cape May kuwa ta yi ta zaizayewa ba mai mayar mata. A garin gyaran gira aka taɓa ido. Wani ƙaramin gari maƙwabci, South Cape May, wanda ya samu majalisarsa a 1894, teku ya yi ta cin titunansa har guguwar 1944 ta ƙarasa shi, aka soke shi a hukumance a 1945. Yau wurin fadama ce ta tsuntsaye, sauran kuma yana ƙarƙashin ruwa. Saboda haka a 1962 babu wani faffaɗan yashi tsakanin igiya da titin bakin teku da zai rage mata ƙarfi.

Matakin farko da majalisar gari ta ɗauka bai jawo gardama ba. Maimakon sake dandamalin katako, aka gina katangar dutse da kankare, aka shimfiɗa hanyar tafiya a bisanta, aka kafa zauren taro na wucin gadi. Na wucin gadin nan, kamar yadda aka saba da irinsa, ya shafe fiye da shekara arba'in yana aiki, sai a 2012 aka buɗe madadinsa.

Mataki na biyu shi ne mai nauyi. A lokacin gwamnatin tarayya na da wani shiri na sabunta birane, wanda dokar gidaje ta 1949 ta kafa: hukumar gari ta ayyana unguwa a matsayin wadda ta lalace, ta saye gidajen ko masu su sun so ko ba su so ba, ta rushe, tarayya ta biya kaso mafi yawa na kuɗin. Cape May ta nema, ta kuma samu fiye da dala miliyan uku a tsakiyar shekarun 1960, kuɗi mai yawa ga garin da mazaunansa ba su kai dubu biyar ba. Tsarin da aka zana ya ɗauki sunan Biktoriya, ya yi alkawarin adana wasu tsofaffin gine-gine a tsakiyar gari, amma zuciyarsa na wajen mota. An buɗe babbar hanyar Garden State Parkway a shekarun 1950, jirgin fito zuwa Lewes a jihar Delaware ya fara aiki a 1964, kuma kowa na ganin yadda otal-otal na zamani masu wurin ajiye mota da tafkin ninƙaya ke cika maƙil a Wildwood. Abin da masu mulkin garin ke so ke nan: tituna masu faɗi, filayen ajiye motoci, da sababbin gine-gine.

Bai kamata a yi musu kallon jahilai ba. Ƙaramin gari a Amurka na rayuwa ne da harajin gidaje da filaye. Da shi ake biyan 'yan sanda da malaman makaranta da masu kwashe shara. Tsohon gidan katako mai yoyo, wanda ake hayar ɗakunansa wata uku a shekara, harajinsa kaɗan ne, ga haɗarin gobara a garin da wuta ta taɓa cinyewa. A idon mai riƙe da littafin kuɗin gari, sabon otal na siminti ya fi gidaje goma irin wannan. Lissafinsu daidai ne a kan abin da suke gani a 1965. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa Cape May za ta iya gasa da Wildwood a fagen da Wildwood ta fi ta fili, ta fi ta yashi.

Daga cikin tsarin akwai abin da ya yi kyau. An rufe wani sashe na Titin Washington ga motoci, aka mai da shi kasuwar masu tafiya a ƙafa, aka buɗe a 1971. Garuruwan Amurka da yawa sun gwada irin wannan suka fasa, amma ta Cape May tana nan da ranta. Sai dai akwai ɓangaren da littattafan tallar garin suka daɗe ba sa ambata. Cape May na da tsohuwar al'ummar baƙar fata. Harriet Tubman ta yi aiki a can a farkon shekarun 1850 tana tara kuɗin da take kuɓutar da bayi da shi. Zuriyar masu dafa abinci da wanki da hidima a otal-otal sun mallaki gidaje da shaguna da masaukai a kewayen Titin Lafayette da maƙwabtansa. Da aka zo ayyana wuraren da suka lalace, rusau ya faɗa wa wannan unguwa da nauyi, gidaje da wuraren sana'a da dama suka tafi, iyalai suka watse zuwa wasu garuruwa. Ba Cape May kaɗai ba ce: tun a 1963 marubuci James Baldwin ya bayyana cewa shirin sabunta birane, a aikace, korar baƙar fata ne. Waɗanda daga baya suka tashi kare tsofaffin gine-gine sun zo a makare ga wannan unguwa, kuma gaskiya hankalinsu ya fi karkata ga gidajen attajirai masu ado.

Juyin ya zo ta hanyar da ba za a kira ta dimokuraɗiyya ba. A 1966 majalisar dokokin Amurka ta kafa kundin wuraren tarihi na ƙasa, tare da sharaɗin cewa duk aikin da za a yi da kuɗin tarayya a wurin da ke cikin kundin sai an fara duba illarsa ga kayan tarihi. Wata masaniyar tarihin gine-gine daga Filadelfiya, Carolyn Pitts, ta ga dama a nan. Ita da abokan aikinta suka shirya takardu, suka nemi a sa garin kusan baki ɗayansa a kundin, ba tare da sanin majalisar gari ba. A Disamban 1970 aka amince. Magajin gari Frank Gauvry ya fusata, shi da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar yankin, Charles Sandman, suka yi ƙoƙarin a janye, abin bai yiwu ba. Fushinsu na da tushe: mutanen da ba wanda ya zaɓe su sun ɗaure hannun waɗanda aka zaɓa. Shiga kundin bai hana mai gida rushe gidansa da kuɗinsa ba, amma ya sa duk wani rusau da kuɗin tarayya ya zama mai wuya, kuma da kuɗin tarayya ake yin manyan ayyukan.

Abin da ya mayar da maganar hannun masu zaɓe gida ɗaya ne. Gidan likita Emlen Physick, wanda aka gina a 1879, ake kuma danganta zanensa ga Frank Furness, ya zama kango, masu gini na shirin share shi. A 1970 wasu mazauna garin suka kafa ƙungiya don ceto shi, suka samo tallafin tarayya na sayensa. Amma tallafin sai ta hannun hukumar gari zai bi, hukumar kuwa ta ƙi karɓa, domin gidan da ya zama na jama'a ya fita daga jerin masu biyan haraji. Sai 'yan ƙungiyar suka shiga takara. A zaɓen 1972 suka yi nasara, Bruce Minnix, mai ba da umarni a shirye-shiryen talabijin, ya zama magajin gari. Sabuwar majalisa ta karɓi kuɗin, gari ya sayi gidan a 1973, ya ba ƙungiyar haya a kan dala ɗaya a shekara. A Mayun 1976 gwamnatin tarayya ta ɗaga darajar Cape May zuwa matakin alamar tarihi ta ƙasa, saboda gine-ginen ƙarni na 19 kimanin 600 da suka rage.

Daga nan lissafin haraji ya juye. Matasan ma'aurata suka riƙa sayen tsofaffin gidajen da arha, suna gyarawa, suna mai da su masaukin baƙi mai kwana da karin kumallo. Baƙon da ya zo kallon gine-gine ba ya buƙatar zafin bazara, don haka kasuwar da a da wata uku ce ta miƙe har zuwa Kirsimeti. Aka kafa hukumar da sai da izininta ake sauya fuskar gida a cikin yankin tarihi. Ba komai aka ceto ba: otal ɗin 1908, wanda ya koma suna Christian Admiral, an rushe shi a 1996 don kuɗin gyaransa ya fi ƙarfin kowa, yayin da Congress Hall ya samu gyara aka sake buɗe shi a 2002.

Yashi kuwa ya fi ƙarfin kowace majalisar gari. Babu dokar gini ko tsarin titi da zai dawo da abin da katangun 1911 suka tare. Sai da tarayya ta amince cewa aikinta ne ya jawo zaizayar, rundunar injiniyoyin da ta gina katangun ta dawo ta zuba wa garin sabon yashi, aka kammala zubin farko a 1991, tarayya na ɗauke da kaso mafi tsoka na kuɗin. Teku na kwashewa, ana sake zubawa kusan duk bayan shekara biyu. Gaɓar da baƙi ke kwanciya a kai yau aikin injin ce, kuma ɗorewarta na rataye da kasafin kuɗin da ake yankewa nesa da garin.

Nasarar ta zo da nata kuɗin fansa. Gidajen da a 1965 ake ganin ba su da amfani sun yi tsadar da malamin makaranta ko ma'aikacin otal ba zai iya saye ba, da yawa sun zama gidajen hutu na mutanen da ke zaune a wasu birane. Ƙidayar 2000 ta samu mazauna 4,034, ta 2010 ta samu 3,607, ta 2020 kuma 2,768, alhali a tsakiyar bazara dubun dubatar baƙi ne ke cika titunan. A 2020 ɗin ne aka buɗe gidan tarihi na Harriet Tubman a Titin Lafayette, a tsohon gidan limamin wata majami'ar baƙar fata, cikin unguwar da yawancin iyalan da suka gina ta suka riga suka bar garin.